Ba kowane kamanni ne satar fasaha ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ke tasowa duk lokacin da wani kamfani ya fitar da sabuwar waya. Da zarar hotunanta sun bazu, sai ka ji wannan na cewa ai iPhone aka kwafa, wancan na cewa a'a, Apple ne ya sato daga Samsung. Wani lokaci har a kanun labarai nake ganin an rubuta "satar fasaha", alhali babu kotun da ta zauna, balle ta ce an yi sata. Sana'ata gyaran waya ce. Na daɗe ina kwance wayoyin kamfanoni iri-iri ina mayarwa, kuma abin da nake gani a cikinsu ne ya sa na riƙa bin shari'o'in da masu ƙera su ke yi da juna.

Tambayoyi biyu ake cakuɗawa wuri guda. Ta farko ita ce wa ya kalli aikin wa ya yi koyi. Ta biyu ita ce ko an taka haƙƙin da doka ta keɓe wa wani. Amsar ɗaya ba ta warware ɗaya. Kamfani na iya yin kwaikwayo ƙiri-ƙiri, kowa na gani, kuma doka ba ta da abin cewa. Wani kuma na iya keta haƙƙin ƙirƙira na wanda bai taɓa jin sunansa ba, a ci shi tara mai nauyi.

Bari in fara da ita kanta takardar haƙƙin ƙirƙirar, domin yawancin masu wannan gardama sun ɗauke ta a matsayin kwaɗon da ake garƙame ilimi da shi. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana yadda abinsa ke aiki dalla-dalla, a rubuce da kuma a zane, ta yadda duk wanda ya san sana'ar zai karanta ya iya haɗa irinsa. Ita kuma hukuma ta ba shi wa'adi, shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda a galibin ƙasashen duniya, wanda a cikinsa babu mai ƙera abin ko sayar da shi sai da izininsa. Yawanci bayan wata 18 da shigarwa ake wallafa takardar, kowa ya gani. Tun dokar da birnin Venice ya kafa a 1474 manufar ke nan: a ba mai ƙirƙira kariya ta ɗan lokaci don kada ya ɓoye abin da ya gano. To wanda ya ce laifi ne injiniyan Samsung ya zauna ya karanta takardar Apple ya fahimce ta, me yake tsammani aka wallafa ta don shi?

A ƙarshen kowace takarda akwai jerin iƙirari, inda mai ita ke fayyace ainihin abin da ya ce nasa ne. Kamar turakun iyakar fili suke. Abin da ke cikin turakun nasa ne, abin da ke wajensu na kowa ne, kuma wanda ya yi gini ya shiga ciki ya shiga, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Shi ya sa ba a mallakar buri. Babu mai takardar "waya mai babbar fuska" ko "waya mai ɗaukar hoto da daddare". Abin da ake mallaka shi ne takamaimiyar hanyar da aka bi aka cimma burin. Idan abokin hamayya ya ga inda ka kai, ya nemo tasa hanyar ya kai can, bai taɓa ka ba. Kuma takardar ƙasa guda ba ta aiki a wata ƙasa. Wadda Amurka ta bayar a Amurka take tsayawa.

Wanda ke shakkar cewa ana keta haƙƙi ba tare da kwaikwayo ba, ya tuna abin da ya sami BlackBerry. Wani ƙaramin kamfani a jihar Virginia mai suna NTP, wanda ba ya ƙera waya ko ɗaya, ya riƙe takardu kan aika saƙon imel ta hanyar sadarwa mara igiya. Ya kai kamfanin RIM na Kanada, mai ƙera BlackBerry, ƙara, har aka kai gaɓar da ake fargabar kotu za ta dakatar da BlackBerry a Amurka. A watan Maris na 2006 RIM ya biya dala miliyan 612.5 aka rabu. Wace wayar NTP aka kwaikwaya? Babu ita. Gini ne kawai ya faɗa cikin turakun wani.

Yanzu ga iPhone, wadda ake yawan ɗauka kamar daga sama ta faɗo. Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya nuna ta a San Francisco, ya kuma yi alfahari a kan dandamali cewa sun shigar da takardun ƙirƙira sama da 200 a kanta. Ban raina wannan waya ba ko kaɗan. Duk wanda ya riƙe wayoyin da ake yayi a lokacin ya san ta sauya lissafi. Amma waya mai fuskar taɓawa IBM ya sayar da ita tun 1994, sunanta Simon. Taɓa fuska da yatsu da yawa a lokaci guda an yi bincike a kansa a Jami'ar Toronto tun farkon shekarun 1980, kuma Apple sayen wani kamfani ya yi mai suna FingerWorks a 2005, wanda wannan ne aikinsa. LG Prada, baƙar waya mai faffaɗar fuskar gilashi da ke jin yatsa, ta riga iPhone shiga kasuwa, har wani babban jami'in LG ya fito ya ce su aka kwaikwaya. Manhajar lissafi ta iPhone ta farko kuwa, duk wanda ya ajiye ta kusa da na'urar lissafi ta kamfanin Braun na Jamus zai ga 'yar gida ɗaya ce, kuma Jony Ive, wanda ya jagoranci zanen kayan Apple, bai taɓa ɓoye cewa Dieter Rams na Braun gwaninsa ne ba. Gwanintar Apple ita ce haɗa abubuwan da ke warwatse su zama abu guda mai daɗin riƙewa. Shi kansa Jobs, a wata hira a shekarun 1990, ya ce ba su taɓa jin kunyar ɗaukar kyawawan dabarun wasu ba. Shi ne kuma daga baya ya kira Android kayan sata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga ƙaramin misali da nake so, wato jan yatsa a fuskar waya don a buɗe ta. Apple ya sami takarda a kan wannan, ya kai kamfanoni ƙara da ita. Sai aka zaƙulo wata 'yar waya ta ƙasar Sweden mai suna Neonode N1m, wadda ake buɗewa da jan yatsa tun kafin a san da iPhone. Wata kotu a Ingila ta soke takardar a 2012 a shari'ar Apple da HTC, kotun ƙoli ta Jamus ma ta tabbatar da sokewa a 2015. A Amurka kuwa takardar ta tsaya, har aka ci Samsung diyya da ita. Dabara ɗaya, mai takarda ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna.

Shari'ar da kowa ke kafa hujja da ita ita ce ta Apple da Samsung, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin an fi yi mata gurguwar fahimta. Apple ya shigar da ƙarar a watan Afrilun 2011 a kotun tarayya da ke San Jose, jihar California, gaban mai shari'a Lucy Koh. Ƙorafinsa kashi uku ne da bai kamata a haɗa su ba. Akwai takardun aiki, kamar yadda shafi ke ɗan dawowa da tsalle idan ka ja shi ya kai ƙarshe, da taɓa fuska sau biyu don faɗaɗa rubutu. Akwai takardun siffa, waɗanda ba ruwansu da yadda abu ke aiki, kamanninsa kawai suke karewa: baƙar fuska mai kusurwoyi a lanƙwashe, da bakin da ya zagaye ta, da jerin gumakan manhajoji masu launi a kan baƙin bango. Sai na uku, iƙirarin cewa kamannin iPhone gaba ɗaya ya zama alamar da masu saye ke gane Apple da ita.

Ba zan wanke Samsung ba. A gaban kotu an fito da wani kundin cikin gida mai shafi 132 na shekarar 2010, inda ma'aikatan kamfanin suka jera wayarsu Galaxy S da iPhone gefe da gefe, shafi bayan shafi, suna nuna inda tasu ta gaza da yadda za a gyara. An kuma karanta kalaman shugaban sashen wayoyinsu, J.K. Shin, yana cewa suna cikin rikicin zane, kuma tazarar da ke tsakanin wayarsu da iPhone kamar sama da ƙasa ce. Ni a ganina yin irin wannan kundi ba laifi ba ne. Kamfanin da bai sayi wayar abokin hamayyarsa ya kwance ta ya auna kansa da ita ba, ya shirya rufe ƙofa. Inda Samsung ya zarce shi ne a abin da ya yi da darasin. Ka ɗauki Galaxy S ta farko ka dubi gumakanta: koren akwati mai farin kan tarho, tsarin jeri, layin gumaka huɗu a ƙasa. Babu wata larurar injiniya da ta tilasta wannan. Ana iya zana gumakan ta hanyoyi ɗari su yi aiki daidai. An matsa kusa ne don mai saye ya ji kamar waccan ya riƙe.

Ranar 24 ga Agustan 2012 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ce Samsung ya biya dala biliyan 1 da miliyan 49. Nan yawancin mutane suka daina bin labarin, suka tafi da cewa kotu ta tabbatar da ɓarawo. Amma a Janairun 2013 ita mai shari'a Koh ta yanke cewa keta takardun da Samsung ya yi ba na ganganci ba ne a idon doka. Wannan yana da muhimmanci, domin a dokar Amurka a nan ne niyya ke shigowa: idan an tabbatar da ganganci ana iya ninka diyya har sau uku. Daga baya aka zaftare wani ɓangare na kuɗin aka sake zama a kansa. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da kashi na ukun nan baki ɗaya, tana cewa siffofin da Apple ke son mallaka a matsayin alamarsa suna da amfani na aiki, kuma abin da ke da amfani na aiki ba a killace shi har abada da sunan alama.

Sai batun lissafin diyya, wanda ya kai su Kotun Ƙoli. Dokar Amurka ta ce wanda ya keta takardar siffa zai miƙa dukkan ribar da ya samu a kan kayan. Asalin wannan doka darduma ce. A shekarun 1880 wasu masu saƙa darduma sun yi nasara a kan waɗanda suka kwafi zanensu, amma da suka kasa nuna nawa ne daga ribar ya fito daga zanen, aka ba su diyyar santi 6. Majalisa ta ga abin bai yi tsari ba, ta yi doka a 1887 cewa a ba da ribar duka. A kan darduma wannan na da ma'ana, tunda don zanenta ake sayenta. Waya fa? Wanda ya sayi Galaxy ya sayi eriya da kyamara da batir da masarrafi da manhajoji, ba lanƙwasar kusurwa kaɗai ba. A ranar 6 ga Disamban 2016 alƙalan Kotun Ƙoli 8 suka haɗu a kan cewa "kayan" da doka ke nufi na iya zama wani sashe na wayar, ba lallai wayar duka ba, suka mayar da batun dala miliyan 399 ƙasa a sake dubawa. Abin mamaki, da aka sake zama a Mayun 2018 sai kuɗin ya ƙaru zuwa dala miliyan 539. Wata guda bayan haka kamfanonin biyu suka sasanta a asirce, bayan shekara 7 ana abu ɗaya.

A 2012, ana tsaka da wannan shari'a, a Landan, alƙali Colin Birss ya duba Galaxy Tab, kwamfutar hannu ta Samsung, da zanen da Apple ya yi wa rajista, ya ce ba a keta ba, har ya ƙara da cewa na Samsung bai kai na Apple burgewa ba. Aka umarci Apple ya buga sanarwa a shafinsa na Birtaniya da jaridu cewa Samsung bai keta zanen ba. A Seoul kuma kotu ta ce kowannensu ya keta na ɗan uwansa. Kuma duk tsawon wannan faɗa Samsung na sayar wa Apple kayan haɗi. Masarrafan iPhone na farko-farko a masana'antar Samsung aka ƙera su, fuskar iPhone X ta 2017 ma daga can ta fito.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi sani, wato cikin waya. Idan na ɗaga murfin baya, tambarin da ke waje ba ya gaya mini abin da zan tarar. Idon kyamarar Sony na cikin wayoyin kamfanonin da ke gaba da juna. Masarrafi ko dai na Qualcomm ne ko na MediaTek ko na gida, amma kusan duka a kan tsarin kamfanin ARM aka gina su. Gilashin fuska sau da yawa na Corning ne. Idan masu ƙera waya na saye daga hannun 'yan kamfanoni ƙalilan, dole wayoyin su yi kama. Ƙara da cewa hannun ɗan Adam iri ɗaya ne, aljihu ma haka. Yawancin fasassun fuskokin da ake kawo mini daga kusurwa tsagewar ke farawa, domin nan ne waya ke fara dukan ƙasa, kuma kusurwa mai kaifi ta fi saurin karyewa ta kuma huda aljihu. Wanda ya lanƙwasa kusurwar wayarsa ba lallai wani ya kwaikwaya ba, faɗuwa ce ta koya masa. Amma akwai kwaikwayon da ba ya da wani dalili. Apple na ɗaure ƙasan iPhone da wasu ƙananan sukurori masu kai mai lungu biyar, waɗanda sai da sukundireba ta musamman ake kwance su. Da Huawei ya fitar da P9 a 2016, sai ga irin sukurorin nan a gindinta. Wannan bai ƙara wa mai waya komai ba, amma ban ga dokar da ya karya ba.

Koyin ma ba gefe guda yake tafiya ba. Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3 a 2011 ana yi masa dariya wai ya yi girma, a 2014 sai ga iPhone 6 Plus mai inci 5.5. Labulen sanarwa da ake janyowa daga sama yana Android tun 2008, iPhone ta same shi a 2011. Cajin da ba igiya Palm Pre na da shi a 2009, Apple ya kawo nasa a 2017. Motorola Atrix na karanta zanen yatsa a 2011, shekara biyu kafin iPhone 5s. A ɗaya ɓangaren, Apple ya cire ramin abin sauraro a 2016, Samsung ya yi masa ba'a a talla, ya kuma cire nasa a Note 10 a 2019. Apple ya daina sa kan caja a kwali a 2020, Samsung ya bi sahu a farkon 2021. Da a ce duk wannan sata ce da doka ke hukuntawa, da wanda ya fara kowane abu ne kaɗai zai riƙe shi shekara 20, kuma da sai ka sayi waya biyar kafin ka haɗa abin da ke cikin guda ɗaya a yau. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka tun 1989, a wata shari'a kan kwafar jikin kwalekwale wanda ba shi da takarda: ta ce kwaikwayo da gyara ta hanyar kwaikwayo na cikin abubuwan da ƙirƙira da gasar kasuwa ke rayuwa a kansu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba magana ce ta banza ba. A 2014, da aka tambayi Jony Ive game da kamfanonin da ke bin sawun zanensa irin su Xiaomi, ya ce shi bai ɗauke shi yabo ba, sata ce da lalaci, ya kuma ambaci shekarun da ake kashewa kafin a kai ga abin da wani zai kwafa cikin sauƙi. Ina jin zafinsa. Wanda ya fara shi ke kashe kuɗi a kan hanyoyin da ba su ɓulle ba, na baya ya zo ya tarar an share masa. Idan babu kariya sam, kowa zai zauna jiran wani ya fara. Amma ai don haka aka yi takardar, aka kuma sa mata iyaka da wa'adi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙe kariyar ta wuce abin da aka rubuta, ta koma mallakar salo ko mallakar yayi. Abin kunya daban, abin tara daban. Kamfanin da ya fitar da waya mai kama da ta wani har launin kwali, a yi masa dariya, masu saye su hukunta shi da aljihunsu. Kotu kuwa sai an nuna mata turken da aka tsallake.

Akwai wuraren da ni ma zan kira abin sata ba tare da jan numfashi ba. Jabu na farko: wanda ya manna tambarin wani a kan kayansa don ya yaudari mai saye. A 2011 an gano shaguna a birnin Kunming na ƙasar Sin da aka tsara su tsaf kamar na Apple, har da rigunan ma'aikata, alhali Apple bai san da su ba. Na biyu ɗaukar sirrin da ba a wallafa ba. Kamfanin T-Mobile na da wani mutum-mutumi mai suna Tappy da ke gwada fuskar waya a ɗakin bincikensa, aka zargi ma'aikatan Huawei da ɗaukar hotunansa da cire wani sashe na hannunsa, kuma a 2017 kotu a Seattle ta ci Huawei diyyar dala miliyan 4.8 kan saɓa yarjejeniya. Sayen waya a kasuwa ka kwance ta ka gane yadda aka yi ta halas ne a doka. Shiga ɗakin binciken mutum ka fita da abin da ya ɓoye wani abu ne daban.

Babban kuɗin ma ba a kan kamanni yake yawo ba. Domin waya ta yi magana da turken sadarwa dole ta bi ƙa'idar 3G ko 4G ko 5G, kuma waɗannan ƙa'idoji cike suke da ƙirƙirar kamfanoni irin su Nokia da Ericsson da Qualcomm da Huawei da Samsung. A nan babu zancen nemo wata hanya, tunda idan ka kauce wayarka ba za ta kama sabis ba. Don haka masu takardun ke alkawarin ba kowa lasisi a kan farashi mai adalci ba tare da nuna bambanci ba, rigimar kuma kullum a kan nawa ne adalcin. Nokia ya kai Apple ƙara a 2009, a 2011 Apple ya amince ya biya. A 2013 hukumar kasuwancin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta hana shigo da wasu tsofaffin iPhone saboda takardar Samsung, sai da gwamnatin Obama ta soke hanin. A Disamban 2014 kotu a Delhi ta dakatar da sayar da wayoyin Xiaomi a Indiya na ɗan lokaci saboda ƙarar Ericsson. A 2022 Oppo da OnePlus suka janye wayoyinsu daga Jamus saboda Nokia, sai a 2024 aka daidaita. Babu ɗaya daga waɗannan da ya shafi wa ya yi kama da wa.

Yawan takardun ma ya isa ya nuna cewa ba wanda zai ƙera waya bai taka na wani ba. Wani kamfani mai harkar takardun ƙirƙira, RPX, ya ƙiyasta a 2011 cewa kimanin 250,000 ne a Amurka ke da alaƙa da wayar zamani. Babu injiniyan da zai karance su. Shi ya sa manyan suka koma tara takardu a matsayin makami: a 2011 Apple da Microsoft da wasu suka haɗa dala biliyan 4.5 suka saye takardu kusan 6,000 na rusasshen kamfanin Nortel, Google kuma ya sayi Motorola Mobility a kan dala biliyan 12.5, da takardunsa kusan 17,000. Mai tarin takardu idan aka kai shi ƙara sai ya rama da tasa, a ƙarshe a yi musayar lasisi. Wanda ke shan wuya shi ne sabon kamfani da ba shi da abin ramawa, kuma kuɗin lauyoyi da na lasisi duk a farashin waya suke ƙarewa.

Roƙona ga marubutanka, ranka ya daɗe, shi ne idan za a ba mu labarin wani kamfani ya zargi wani, a gaya mana wane irin haƙƙi ake magana a kai, na aiki ne ko na siffa ko tambari ko sirri, a wace ƙasa, kuma zargi ne ko hukunci, an ɗaukaka ƙara ko ba a ɗaukaka ba. A kuma riƙa duba ko takardar na da rai. Takardun siffa ukun nan da aka yi shekara 7 ana shari'a a kansu an bayar da su ne a 2009 da 2010, kuma a lokacin wa'adin irinsu a Amurka shekara 14 ne. Sun ƙare a 2023 da 2024. Yau duk kamfanin da ya ga dama zai iya ƙera baƙar waya mai lanƙwasassun kusurwoyi da wancan jerin gumaka ya sayar a Amurka ba tare da ya nemi izinin waɗannan takardu ba, muddin bai manna mata tambarin Apple ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai gyaran waya kuma mai karanta jaridarku